Guntun Bis a Injin Motar Hajiya Asabe

Bis ɗin farko da na ɓata a rayuwata na marfin birki ne, a ƙafar baya ta wata tsohuwar motar haya. Ina ɗan shekara ashirin, watana biyu da fara koyon aiki a garejin Baba Tanimu a Zango, unguwar da Mosawa ke kira Zangwetin, nan tsakiyar Wagadugu. Na sa turnabis, wato sukudireba, na murɗa, ya ƙi. Na kama da hannu biyu na danna ƙarfi. Kan bis ɗin ya tsage, bakin turnabis ya zame ya shige mini tafin hannu. Baba Tanimu bai ko dubi jinin ba. Ya durƙusa ya shafa kan bis ɗin da babban yatsa, ya ce, "Shekara goma yana zaune a nan, kai kuma ka zo ko sallama babu, ka ce ya tashi."

Ku samarin da ke zuwa garejina a unguwar Gungin kuna cewa in koya muku tayar da tsofaffin motoci, na san abin da ke ranku. Kuna ganin aikin shi ne inji, shi ne fenti, kwance bis kuwa kowa ya iya. In ya ƙi, ga injin yanka, ga injin huda. To, ku saurara. Bis dai shi ne abin da 'yan Najeriya ke ce wa noti ko sukuru, mu nan da bakin Faransanci muka same shi. Idan ruwa ya shiga tsakanin haƙoransa da na gidan da yake zaune, tsatsa takan kumbura ta cike ko'ina, shi da gidan su zama abu guda. Motar da ta shekara talatin ba a samun kayanta a shago. In ka ɓata ramin bis ɗaya a wurin da bai kamata ba, ka kashe motar, komai kyan fentinka.

Baba Tanimu ɗan maƙera ne daga wajen Ƙonni. Ya biyo motocin goro yana saurayi, ya sauka a Zango, bai sake komawa ba. Bai iya karatun boko ba, Faransancinsa bai wuce sunayen kayan aiki ba. Kayan nasa ma ba su cika akwatin katako guda ba: kile iri-iri, wato sifana, guduma biyu, ƙaramar cikinsu kanta bai fi ƙwan zabo ba, da kurfi uku na sassaƙar ƙarfe da ya ƙera da hannunsa daga tsohon sifirin mota. In zai ba kurfi tauri, yakan zuba ido har bakinsa ya yi launin ɓawon albasa, sannan ya tsoma shi cikin mai. Sai kwalbar man birki gauraye da kananzir, da dunƙulen kakin zuma da yake saye wurin matan ƙauye, da wani dogon siririn ƙarfe da na daɗe ban san amfaninsa ba.

Wani akwatin giyar mota da aka tsamo daga lambatu shi ne makarantata. Ya sa aka ajiye mini shi a gindin bango ya ce in kwance shi duka, kada in karya ko bis ɗaya. Wata huɗu na yi a kansa. A nan na koyi kankare kan bis kafin in ɗora masa kile, da zaɓen kilen da ya zauna daram ba wanda ke wasa ba. Na koyi buga shi a hankali kafin murɗawa, da ɗan ɗaure shi gaba kaɗan kafin a nemi ya dawo baya. Abin da ya fi nanata mini shi ne kukan bis. In yana ƙara yana ciccije, ka gode Allah, tafiya yake. In kuwa ka ji ya yi laushi, yana bin hannunka shiru kamar tuwo, to ba kwancewa yake ba, wuyansa ne ke murɗewa. Ka saki kile nan take.

Masu kawo mana aiki iri biyu ne. Akwai direbobi 'yan Nijar, kullum a gaggauce, fasinja na jira a tasha. Wani ɗan Tawa ya taɓa tsaya a kaina yana cewa, "Malam Sale, ba kile ɗaya za ka sa ba? Ko in kama maka?" Na miƙa masa kilen. Ya ja sau ɗaya, bis ya karye, ya kwana uku a Wagadugu. Akwai kuma masu motar gado, waɗanda ba su ma iya tuƙi ba, su dai kada a ce motar gidansu ta mutu a hannunsu. Waɗannan su ne ke kawo aikin da ke sa mutum ya tsufa.

Shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata ita ce wadda aka rushe Zango, a farkon shekarun dubu biyu. An daɗe ana faɗa, muna cewa magana ce kawai. Sai aka zo aka ƙidaya gidaje, aka sa alama a bangaye, aka nuna wa mutane filaye can bayan gari. A lokacin na daɗe da gadon garejin, domin yanar ido ta makantar da Baba Tanimu, ya koma gidan 'yarsa a unguwar Tiyendpalogo. Aiki ya tsaya cak. Wa zai gyara tsohuwar mota yana cikin ɓamɓare kwanon rufin ɗakinsa? Masu sayen tsohon ƙarfe ne kaɗai ke kai da kawowa da amalanke. Da idona na ga ana yanka motocin da na yi shekaru ina jinyarsu.

Ana cikin haka Hajiya Asabe ta aiko a kira ni. 'Yar kasuwar atamfa ce, gidanta na bayan garejina. Mijinta, wani Alhaji mai fataucin goro, ya rasu shekara goma sha shida kafin nan, ya bar motarsa ƙarƙashin rumfa a tsakar gida. Katsankat ce, wato mai lamba ɗari huɗu da huɗu, mai buɗaɗɗen baya da rufin tamfal, irin wadda muke ce wa bashe. Tayoyinta sun lotse cikin ƙasa, kaji na yin ƙwai a kan kujera.

Ta ce, "Sale, motar nan ita ta kawo ni gidan nan da kayan ɗakina. Ita za ta fitar da ni."

Na ce, "Hajiya, a samo wata motar a ja ta mana. Can in kun zauna sai in bi ta a tsanake."

"Masu ƙarfe sun zo sau uku na kore su. Ba mushe ba ce da za a ja ta a ƙasa mutane na kallo. Ta tashi da kanta."

Mako uku ya rage a iso layinsu. Na saki ƙafafun, na wanke tankin mai, na samo tayoyi na hannu. Amma injin ya ƙi juyawa, dole sai na ɗage kan injin, abin da muke ce wa kulas. Bis goma ke riƙe da shi. Tara sun fita cikin kwana huɗu, kowanne da kukansa. Na goman yana kusurwar baya, inda ruwa ya daɗe yana tsiyaya. A lokacin an riga an yanke wa unguwar wuta da ruwan famfo, kuma daga tsakar gidan ana jin katafila tana ture bango. Na san abin da ya kamata: in jiƙa shi, in ba shi kwana biyu. Maimakon haka na zura tiyon ƙarfe a hannun kile don in ƙara ƙarfi, na ja. Ya yi laushi. Na ji shi sarai a tafin hannuna, na ce bari in ƙara ɗan kaɗan. Sai na ji ƙas.

Da na ɗage kulas, guntun yana can cikin jikin injin, ya ɗan nutse ƙasa da baki, ba abin da awartaki zai kama. Babu wuta balle in liƙa masa wani ƙarfe in murɗa. Na je Gungin wurin wani mai injin huda da na yarda da hannunsa. Da na faɗa masa wurin, ya girgiza kai. Ya ce tsakanin ramin nan da hanyar ruwa bai fi kaurin ƙwarya ba, tsatsa kuma ta ci rabi, in ya kauce kaɗan ruwa da mai sun haɗu ke nan har abada. Shi ba zai taɓa ba. Da bis tara kuma motar ba za ta kai bakin titi ba.

Na dawo na faɗa wa Hajiya gaskiya, har da cewa ni na karya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ci gaba da naɗe kwanuka cikin tsumma, ta ce, "Ai maigidanka yana da rai."

Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma. Tun kafin in yi sallama ya ce, "Sale ne? Baburinka na shan mai da yawa." Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce, "Baba, na karya bis."

"Na ina?"

"Na kulas. Katsankat ɗin gidan marigayi Alhaji. Kusurwar baya."

"Ka sa tiyo a kile?"

"Na sa."

"Ya yi laushi?"

"Ya yi."

"Ka ji, ka ci gaba."

"Na ci gaba, Baba."

Sai ya ɗaga murya ya ce wa 'yarsa ta jawo masa akwatinsa daga ƙarƙashin gado. Ta fito tana cewa, "Haba Baba, kai da ko ƙofa sai an nuna maka?" Ya ce, "Abin da zan je nema yana cikin rami, 'yar nan. Masu idon ma ba sa ganinsa."

Washegari da safe na kife masa turmi a gefen motar, ya hau ya kwanta da ƙirji a kan bodi. Ya daɗe yana shafa wurin da yatsu. Ya nemi basilla, ya yi ta tone tsatsa daga gefen guntun yana hurawa, har rana ta ɗaga. Sannan ya ce wa Hajiya ta ara masa murhun gawayinta da mafici. Ya sa na yanko ƙarfe biyu daidai kaurin guntun, na sa su cikin garwashi har suka yi ja. In na ɗauko ɗaya da awartaki, sai ya kama wuyan hannuna ya kai shi daidai kan guntun, mu riƙe har jan ya mutu, mu sake da ɗayan.

Ya ce, "Ba injin nake so ya ji wuta ba. Shi kaɗai."

Ku da kuka saba da wutar walda, ku gane abin da yake yi. Guntun in ya yi zafi yakan kumbura ya murƙushe tsatsar da ke kewaye da shi. In ya huce ya koma, sai ya bar 'yar hanya da ba ta kai silin gashi ba. Ta wannan hanyar Baba ke tura kakin zuma. Ya goga dunƙulen a kan ƙarfen, kakin ya narke, ya taru, ya tsaya. Sai ya ɗauko dogon siririn ƙarfen nan, ya kafa bakinsa a jikin injin, ɗaya bakin a ƙashin bayan kunnensa, ya ce in buga guntun da ƙaramar guduma. Na buga. Ya ce, "Bai farka ba. Koma wuta."

Sau bakwai muka yi haka. Da la'asar ya sa aka kwaɓo yumɓu, ya gina ɗan bango kewaye da ramin, ya cika shi da man birki da kananzir, ya kife marfin kwano a kai. Ya sauko daga turmin ya ce in mayar da shi gida.

Na ce, "Baba, katafila na bayan gida huɗu daga nan."

Ya ce, "Ita da aikinta, mu da namu."

Da safe abin da ya fara yi shi ne tsoma yatsa cikin ɗan gurbin yumɓun. Ya ce, "Ya sha." Na leƙa, man ya ragu da rabi. Muka sake wuta da kaki sau biyu. A na biyun kakin bai tsaya a sama ba, ina kallo ya zurare ƙasa ya ɓace.

Wajen tsakar rana wani ƙaton mutum ya yi sallama ya shigo, ƙura har girarsa. Direban katafilar ne, Bamoshe, ya zo ya faɗa wa mutanen gidan cewa gobe da safe layinsu ne. Ya gama magana da Hajiya cikin Mosanci, ya juya zai fita, sai ya ga tsoho makaho kwance a kan inji da 'yar guduma. Ya matso.

"Yaba, me kake yi nan?" Haka Mosawa ke kiran kaka.

Na yi masa bayani. Ashe shi ma ya taɓa aikin gareji kafin ya hau katafila. Ya leƙa ramin ya ce, rabi Mosanci rabi Faransanci, wannan ba ya fita sai an huda. Baba ya miƙa masa dogon ƙarfen ya ce, "Sa a bayan kunnenka." Baba ya laluba ya buga jikin injin, sannan ya buga guntun. Ya sake: inji, guntu. Ya ce, "Jiya muryarsu ɗaya. Yau fa?"

Mutumin ya rufe ido. Ya ce a sake bugawa. Da ya buɗe ido sai ya ɗaga yatsu biyu. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya tsaya can gefe. Da zai tafi ya ce wa Hajiya akwai wani layin ta wajen lambatu da shi ma ke jiransa, kuma ba wanda ya ce masa ga wanda zai fara. Amma jibi da safe dole ya zo.

Bayan azahar Baba ya zaɓi mafi siririn kurfinsa. Da basilla ya ja layi guda, ya ratsa kan guntun ya haye jikin injin. Sannan ya kafa kurfin a gefen guntun, ya yi masa ɗan gurbi, ya kwantar da shi. Bugu uku ya yi ta wajen ɗaurewa. Ya juya kurfin, ya fara ta wajen kwancewa. Ban taɓa ganin bugu mai sauƙi irin wannan ba, kamar mai fasa ƙwai. Ba ya sauri, ba ya tsayawa. Gumi na ɗiga daga gemunsa a kan ƙarfe. Matan gidan da ke ɗaure kaya suka bar abin da suke yi ɗaya bayan ɗaya, suka zo suka tsaya. Can nesa bangon wani ya faɗi, ƙasa ta girgiza, hannunsa bai ko motsa daga inda yake ba.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai ga ya ajiye guduma ya ce, "Sale, kawo yatsanka." Ya kama shi ya bi da shi kan layin da ya ja. Layin ya rabu. Na guntun ya goce daga na injin da abin da bai fi kaurin zare ba. Ni ina da ido biyu, ina tsaye a kansa, ban ga komai ba.

Hajiya ta ce, "Ya fita?"

Baba ya ce, "Ya dai yarda a yi magana."

Daga nan ya riƙa kai shi gaba kaɗan, ya dawo da shi baya fiye da haka. Wani jan taɓo, tsatsa haɗe da kaki, ya fara ɓullowa daga gefe. Da kan guntun ya leƙo na miƙa masa awartaki, ya ture. Sai da ya ƙirga haƙora uku da farce sannan ya karɓa. Juyin ƙarshe da yatsu biyu ya yi shi. Ya zura ƙaramin yatsa cikin ramin ya zagaya, ya ce in duba. Na haska da madubi. Ko haƙori ɗaya bai lalace ba. Matan suka ɗauki salati, ɗaya ta rangaɗa guɗa. Shi kuwa ya sauko daga turmin yana dafa ni, ya ce, "A ba ni ruwa in yi alwala, la'asar za ta wuce."

Yini guda ya rage mini. Na samo bis ɗin katsankat wurin masu tsohon ƙarfe, na saki fistin, na mayar da kulas, na ɗaure goman a jere kamar yadda aka koya mini. Wani direba maƙwabci ya ara mana batir. Sau huɗu tana tari tana mutuwa. A na biyar ta kama, baƙin hayaƙi ya cika gidan, kaji suka watse. Hajiya ta ɗora tafin hannu a kan bodin motar tana jin yadda take rawa, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Ran fita maza suka fasa bangon zaure, domin tun bayan rasuwar Alhaji an rage ƙofar. Muka loda gado, da akwatunan atamfa, da kwanuka, da kwanon rufi. Na je na ɗauko Baba, don Hajiya ta ce ba za a tafi ba sai yana ciki. Ta sa shi a gaba, ita ta hau baya ta zauna kan akwati. Direban katafila na bakin layi, injinsa na aiki. Da muka zo wucewa ya ɗaga mana hannu.

Na bi ta tsakiyar unguwar a hankali. Hagu da dama tarin ƙasa ne da fasassun tubala, ana hangen titin kwalta daga inda a da ko ƙofar maƙwabci ba a gani. Baba ya karkata kai wajen taga. Can ya ce, "Nan ba layin mahauta ba ne?"

"Shi ne, Baba."

"Ƙarar injin ba ta dawowa. Babu bango ke nan."

"Babu."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ya ɗora hannunsa a kan gwiwa. Muka wuce inda garejin yake, bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Muna gab da hawa kwalta ya ce, "Sale, tsaya."

Na taka birki, na ɗauka wani abu zai ce game da unguwar.

Ya ce, "Bis ɗin bututun hayaƙi, na ƙasa. Bai zauna ba. Rabin juyi yake nema."

Na fita da kile, na kwanta a kan ɓaraguzan gidan wani, na shiga ƙarƙashin motar. Ƙarfen na ƙona hannu. Na ɗora kile na murɗa. Ya tafi rabin juyi, ya tsaya daram.

Na dawo na zauna, na tayar da inji. Ya saurara kaɗan, ya ce, "Yauwa. Mu je."